Ranar da Na Amsa Sunan Ƙanena a Kotu

Ku matasa da kuke tasowa, ba zan faɗi sunan gidanmu ba, don ba su yi laifin da za a riƙa nuna su da baki ba. Amma nawa sunan dole in faɗa, domin a kan suna abin ya faru.

Mahaifinmu malamin zaure ne a Kaura Namoda, kuma duk ɗa namijin da Allah ya ba shi Muhammadu yake raɗa masa. Na fari Muhammadu Auwal, ya rasu yana goye. Ni ne Muhammadu Sani. Mai bi mini, da ratar shekara biyu, Muhammadu Salisu. A takardun makaranta da na hukuma abu guda ake rubuta mana mu biyun: Muhammad, sai harafin S, sai sunan Malam. Kama kuwa ba a magana. Har Inna, in muka juya baya, sai ta kira ɗaya ɗaya ya waiwayo.

A fuska kaɗai muka yi kama. Salisu tun yana ƙarami ba shi da zance sai na jirgin sama. Jirgi ba ya sauka a garinmu, can ƙololuwa yake wucewa ya bar farin layi, amma da ya ji ƙugi zai ajiye allo ya fita da gudu, ya tsaya tsakiyar rana baki buɗe har layin ya baje. Da kara yake ƙera jirage, ya cika mana ɗaki da su. Ni kuwa tsokanarsa nake yi, ina ce masa direban gajimare. Ya bi karatu tiryan-tiryan har ya gama kwalejin fasaha ta garinmu. Ni ina aji uku na sakandare na ce boko ya ishe ni, na shiga tasha. Na koyi tuƙi, na samu lasin, wani mai mota ya ba ni ta haya ina bin Kaura zuwa Shinkafi, wani lokaci Zurmi.

Kowa ya san yadda hanyoyinmu suka koma saboda 'yan bindiga. Direba mai hankali yana so kafin la'asar ta yi sanyi ya ajiye mota, ke nan duk sawun da za ka yi sai ka matse shi cikin rabin yini. A nan wani ɗan kamasho da ake kira Ɗan Bala ya shigo rayuwata. Wata rana ya gan ni ina hamma a kan sitiyari, ya miƙo mini ƙwaya guda a tafin hannu, ya ce, "Maganin gajiya na, ba wani abu ba. Haɗiye ka ga aiki." Tiramol ce. Na haɗiye da ruwan leda, na yi sawu uku ban ji a jikina ba. Daga guda na koma biyu. Kafin shekara ta zagayo, in ban sha ba hannuna rawa yake yi, hancina na zuba, kowa haushinsa nake ji. Amma da za ka ce mini ɗan maye, wallahi sai mun raba hali. Ni a wurina ɗan maye shi ne mashayin giya, ni kuwa ɗan Malam ne, magani nake sha.

A mashigar Shinkafi jami'an kiyaye haɗura suka fara kama ni. Babbansu ya leƙo, ya dubi idona, ya ce in fito in tsaya da ƙafa ɗaya. Na kasa. Suka karɓe lasin ɗina, suka rubuta sunana, suka ce duk ranar da aka sake ganina a kan sitiyari kotu ce za ta raba mu. Da ina da rabo a nan zan tsaya. Maimakon haka sai na tuna Salisu ya yi lasin, yana cikin wani littafinsa na kimiyya, ba ya ko amfani da shi. Yana haɗa kayan tafiya bautar ƙasa na zare shi. Da ya neme shi ya rasa, ni na taya shi ɗaga katifa, har ina yi masa faɗan sakaci. Tir da ni!

Wata biyar ina tuƙi da katin ƙanena. Duk wanda ya karɓa ya dubi hoto, ya dube ni, ya miƙo mini. Sai wata ranar kasuwar Zurmi, cikin damina, ina sawu na uku da ƙwaya biyu a cikina. Wani dattijo ya fito daga gona a kan keke da damin ciyawa a baya. Na gan shi sarai. Ƙafata ce ta ƙi zuwa kan birki da wuri, kamar ba tawa ba. Na kwashe shi. Bai mutu ba, amma ƙugunsa ya karye, kuma har yau da sanda yake tafiya. 'Yan sanda ne suka ƙwace ni daga hannun jama'a. Aka kai ni asibiti aka gwada fitsarina, abin da na sha ya fito ƙarara.

Washegari Ɗan Bala ya zo ya same ni a bayan kanta. Ya ce, "Lasin wa ke hannunsu?" Na ce na Salisu. Ya ce, "To kai ne Salisu. Sani an taɓa kama shi, in sunka haɗa da wanga sai ka tsuhwa ciki. Salisu kau bai da tabo ko guda. Hukuncin hwarko sauƙi gare shi."

A kotu magatakarda ya ɗaga takarda, ya gyara tabarau, ya ce, "Muhammad S. Wanga S ɗin mi take nuhi? Sani, ko Salisu, ko Sa'idu?" Jama'a, tambaya ce aka yi mini a fili, da Hausa, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Sunana ma shi ya fara ambata. Na buɗe baki na ce, "Salisu." Ya rubuta. Alƙali ya ba ni wata takwas babu zaɓin tara, saboda tuƙi cikin maye da raunata mutum.

Malam bai taka kotu ba, kunya ta hana shi. Abincin da Inna take aiko mini ta hannun Ɗan Bala yake zuwa, saboda haka a gida ba wanda ya san da wane suna aka rufe ni. Wata takwas gandirobobi suna kiran Salisu ina amsawa. A can na rabu da ƙwaya, ba don jarumta ba, don babu ce. Sati biyu na yi ina amai ina birgima a siminti, ƙasusuwana kamar ana sassaƙa su. Da na fito na durƙusa gaban Malam na nemi gafara, ya yafe mini. Na bar tasha, na kama aikin awon hatsi a kasuwar Kaura. Na auri Rabi, muka samu 'ya mace, Hauwa. Shekara huɗu ina sallah a sahun gaba, mutane suna cewa Sani ya shiryu. Ni ma na yarda na shiryu. Abu guda na binne, na ce wa raina tsohuwar takarda ce a wata durowa a Zurmi, gara ma ta cinye ta.

Salisu yana koyarwa a wata sakandare a Shinkafi lokacin da wata gidauniya ta yi shelar za ta ɗauki nauyin matasa su koyi tuƙin jirgi. Ya rubuta jarrabawa ya ci, aka yi masa tambayoyi ya ci. Ranar da saƙo ya zo Inna guɗa ta yi da kanta. Abu ɗaya ya rage, takardar lafiya. Ashe ba a barin mutum ya hau kujerar matuƙin jirgi sai likita na musamman ya bincike shi ya sa hannu. Ya tafi Kaduna da sabuwar shadda. Ni na raka shi tasha, har ina ce masa in ya fara tashi ya riƙa yi mana hon a saman gida.

Bayan kwana huɗu ya dawo. Muna zaure da Malam bayan la'asar ya shigo ya yi sallama, ya zauna nesa da ni. Ya ce an duba idonsa, da kunne, da zuciya, da jini, da fitsari, komai lafiya lau. Amma a fom ɗin likita akwai tambaya: an taɓa hukunta ka ko karɓe lasin ɗinka saboda tuƙi cikin maye? Ya amsa a'a. Gidauniyar kuwa ta riga ta nemo tarihin tuƙin kowa da lambar lasin ɗinsa, ta aika wa likitan.

Malam ya ce, "To mi ya haɗa mota da jirgi?"

Salisu ya ce shi ma haka ya tambaya. Likitan ya ce masa ba ƙwarewar tuƙi suke dubawa ba. Wanda aka taɓa kamawa a buge a kan hanya, alama ce mai yiwuwa ƙwaya ko giya ta kama shi, kuma irin wannan ciwo yana kwanciya ya tashi, gwajin fitsari na rana ɗaya ba ya nuna shi. Da ya faɗa da bakinsa, da an tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, a yi ta gwada shi wata da watanni, in an gamsu a ba shi takarda da sharaɗi. Amma wanda ya ce a'a, takarda ta ce e, ya fi mai laifin muni, don ba a damƙa rayukan mutane a hannun wanda yake ɓoye wa likitansa gaskiya. Salisu ya rantse ba shi ba ne. Likitan ya ce, "Ina so in yarda da kai, amma rantsuwa ba ta shiga fayil. Kawo mini takardar kotu."

Daga nan ya zaro takardar ya karanta wa Malam, yana fassarawa. Sunan gari, Zurmi. Wata da shekara. Dattijo mai keke. Wata takwas. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na ga yatsun Malam sun tsaya a kan carbi.

"Sani, wa anka ɗaure a Zurmi?"

"Ni ne, Baba."

"Da wane suna?"

Na sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Gidauniya ta ba Salisu kwana arba'in ya kawo takardar lafiya, in ba haka ba a ba na bayansa kujerar. Muka je wurin wani lauya, ya ce hanya biyu ce. Ko ni in kai kaina kotu in ce na yi sojan gona, a gwada zanen yatsuna da wanda aka ɗauka a gidan yari, a gyara suna. Wannan ta fi sauri, amma in sani komawa ciki zan yi. Ko kuma Salisu ya shigar da ƙara a kamo ni. Salisu ya ce, "Ni ban kai yayana ƙara." Malam kuma ya ce, "Ban tilasta kowa. Ni na raɗa muku suna, kowa ya san nashi."

Wallahi da ya kai ni ƙara da ya fi mini sauƙi. Da ya zage ni, ko ya ɗaga hannu ya mare ni, da na samu abin riƙewa. Amma a gida ya zauna yana jira, kullum da safe sai ya gaishe ni, "Yaya, ina kwana," ya wuce. Gidan ya zame mini kurkukun da ya fi na farko ƙunci. Inna ta daina haɗa ido da ni. Rabi tana da ciki wata bakwai. In na dubi 'yata sai in ji ƙarar ƙofar ƙarfen nan, in tuna warin bokitin da ke kusurwa. In na dubi Salisu sai in ga yana duban kalanda. A kasuwa ina awo ina ɓata lissafin tiya, har maigidana ya tambaye ni ko na koma wa ƙwaya ne.

Sau uku ina zuwa tasha don in shiga motar Zurmi. Na farko tun kafin ta cika na sauka. Na biyu na kai har bakin kotu, na hango magatakardan nan yana alwala, na juya na sayi rake na dawo gida. Na uku ban ma shiga motar ba. Kullum ina ce wa kaina gobe, akwai sauran kwana.

Sai na yi abin da ya fi komai ƙona mini rai in na tuna. A kwana na ashirin na same shi a ɗakinsa, na ce, "Salisu, ba likita ya ce wanda ya amsa laihi ana iya ba shi takarda daga baya ba? Mi zai hana ka ce kai ne, ka tuba? Jininka tsab yake, ko sau ɗari sunka gwada ba su ganin komi."

Ya dube ni. Ya ce, "Yaya, na riga na ce a'a. In na koma na ce e, na zama maƙaryaci, shi ke nan an ruhe ni. Kuma ko ba haka ba, ka ari sunana wata takwas ban sani ba. Yanzu kana so in ɗauki laihinka har in mutu?" Muryarsa ko tashi ba ta yi ba. Na fito ina jin kaina ƙasa da kare.

Duk da haka sai da na ƙara kwana goma sha uku. Rabi ce ta karya ni. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baban Hauwa, in don ni kake zaune, tashi ka tahi. Na iya haihuwa ba ka nan. Abin da ban iyawa shi ne in riƙa gaida Salisu da sahe." Washegari, kwana na talatin da uku, na shiga mota ban sauka ba sai Zurmi.

Magatakardan bai gane ni ba. Ya ɗauki biro ya ce, "Suna?" Na ce, "Muhammadu Sani." Na gaya masa komai. Aka tsare ni nan take. Sai dai kotu ba ta san da kwana arba'in ɗin kowa ba. Sai an aika gidan yari a nemo zanen yatsu, sai an kira ɗan sandan da ya kama ni, wanda aka riga aka yi wa canjin wurin aiki, sai an ɗaga zama. Salisu ya yi ta roƙon gidauniya, suka ƙara masa sati guda, suka ce ba za su iya tsayar da aji saboda mutum ɗaya ba. Takardar da ta wanke shi ta fito bayan an ba wani kujerarsa da kwana goma sha biyu. Lauya ya gaya mini a fuska, da na zo a satin farko da an gama da sauran lokaci. Alƙali ya ba ni shekara guda, wannan karon da sunana.

Ina ciki aka gaya mini Salisu ya koma wurin likitan da takardar kotu. Likitan ya karanta, ya miƙe ya ba shi hannu, ya sa hannu a takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, babu sharaɗi ko guda. Takarda ta samu, kujera babu. Wa'adinta shekara guda ne. Da shekara ta zagayo ya je ya sabunta ta, aka sake yi masa tambayar nan, ya sake fito da takardar kotu mai ɗauke da sunana ya yi bayani. Gidauniya ta sake shela, amma ya haura shekarun da suke ɗauka da 'yan watanni. Karatun jirgi kuwa ba abin da ɗan malamin zaure zai ɗauki nauyin kansa ba ne. Bai sake zuwa Kaduna ba.

Ranar da aka sake ni shi ya zo ɗaukata a kan babur. Ya ce, "Yaya, sannu. Namijin da anka samu har ya hwara rarrahe, Baba ya sa mai Muhammadu." Kuka na yi ta yi a bayansa har Kaura. Na nemi gafararsa ya ce ya yafe, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. Na je Zurmi na durƙusa wa dattijon nan, shi ma ya yafe. Kowa ya yafe mini, amma ba abin da ya dawo.

To, ku saurare ni. Duk wanda ya miƙo muku ƙwaya ya ce maganin gajiya ce, ku ce masa gajiya barci take so. Kada ku hau mota ko babur da wani abu a kanku, don abin da aka rubuta a kan lasin ba ya gogewa, yana nan yana jiranku a ofishin da ba ku taɓa zaton za ku shiga ba. In an tambaye ku abin da ya wuce, a gaban likita ne ko a gaban alƙali, ku faɗi gaskiya tun a tambayar farko. Kada ku taɓa takardar wani, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku gyara yau. Ni na gyara, amma sai da na ɓata kwana talatin da uku ina tausayin kaina, kuma ba ni na biya ba.

Salisu yana nan yana koyarwa a Shinkafi, ɗalibansa suna sonsa. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo gida, muna zaune a ƙofar zaure yana gyara wa Hauwa wani jirgin kara da ya ƙera mata. Sai muka ji ƙugi can sama. Hauwa ta yi tsalle tana nunawa, tana cewa, "Baba Salisu, ga shi can, ga shi can!" Ya ce, "Na ji shi," ya ci gaba da ɗaure karan. Ni ne na ɗaga kai, na bi farin layin da ido har ya baje.